Casa'in a Jikin Kebul, Saba'in a Bakin Bireka

Shekara talatin da ɗaya ina aikin wuta a Maiduguri, kuma har ranar da kamfanin ƙanƙarar Hajiya Aisa ya kama da wuta, ba a taɓa nuna wani gida ko shago aka ce wayarin ɗin Ba'ana ne ya cinye shi ba. Ni ne Ba'anan. A Mafoni aka haife ni, a nan nake har gobe, cikin gidan da ubana ya bari. Ba ni da mota, ban je Makka ba. Abin da na tara duk tsawon shekarun nan suna ne kawai, kuma ina ji da shi fiye da kima. In masu shago biyu suna gardama a kan ɗan wayarin, ɗaya zai ce, "Kira Ba'ana ka yi barcinka." Ni kuwa in na ji haka sai kaina ya ƙara girma, in yi kamar ban ji ba.

Hajiya Aisa mijinta ne ya rasu ya bar mata ƙaramin kamfanin ƙanƙara a hanyar Konduga. Mace ce mai kamar maza, ba ta zauna tana kuka ba, ta sayo manyan injunan sanyi guda uku ta ce za ta shayar da rabin gari ruwan sanyi. Da damina ta aiko a kira ni. Bayan mun gaisa ta ce, "Ba'a, ba wanda zai taɓa mini wutar wurin nan sai kai. Abin da ka ce a saya shi za a saya."

Babban aikin shi ne jawo kebul daga taransifoma zuwa babbar bireka, mai katse wuta in ta yi yawa, da ke cikin fanel, wato akwatin ƙarfen da ake raba wa injuna wuta daga cikinsa. Duk abin da injunan uku za su sha, kusan ampiya ɗari huɗu, ta wannan kebul ɗin zai bi. In ya yi siriri zai yi zafi, in ya yi kauri fiye da buƙata an yi asara, ga wahalar lanƙwasa shi. Muna da littafin lissafi da ke nuna kaurin da ya dace da kowane nauyin wuta. Nawa ya tsufa har bangonsa ya cire, amma na san shi kamar Fatiha.

Tun ina koyon aiki kebul iri ɗaya na sani, wanda robarsa ke jure zafin digiri saba'in. Layin saba'in nake karantawa a littafin, ban taɓa leƙa na kusa da shi ba. A wannan karon sai na tarar an shigo da wani sabon kebul kasuwa, an buga casa'in ɓaro-ɓaro a jikinsa. Na buɗe littafi na duba layin casa'in, sai na ga kebul mai lambar kauri ɗari da tamanin da biyar zai ɗauki abin da nake so har da ragowa. Da a ce tsohon kebul ne, da zafin garinmu, sai na kai ɗari uku. Na yi murna ƙwarai. Na je na gaya wa Hajiya cewa zamani ya kawo sauƙi, har ina yi wa sauran 'yan wayarin dariya a raina, ina cewa su kifin rijiya ne.

Muka ja kebul, na matse kawunansa na jan ƙarfe da hannuna, na ɗaure su a bakin bireka, noti huɗu, kowanne sai da ya yi ƙara. Ranar da aka tayar da injuna an yi ruwa da asuba, gari ya yi luf. Na bar su suna aiki awa uku, sannan na bi kebul ɗin da bayan hannuna tun daga taransifoma har gindin fanel, yadda maigidana ya koya mini. Ɗumi kawai na ji. Na rufe fanel na ce an gama.

Wanda Hajiya ta ɗauka ya kula da injunan sunansa Obadiah. Mutumin kudancin Borno ne, rikici ya koro shi da matarsa Dorothy da 'ya'yansu uku, suka kama ɗaki a Bulabulin. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kuma in yana sauraren inji har karkata kai yake yi kamar mai jin raɗa. Bai yi karatun wuta ba, amma hancinsa da kunnensa sun fi na wasu masu takarda.

Aka ci damina lafiya, aka ci sanyi lafiya. Da bazara ta kama, sai ga wayar Obadiah.

"Oga Ba'ana, in ka samu hanya ka leƙo. Fanel ɗin nan yana wani wari da rana, kamar an ɗora roba a kan garwashi."

Na hau keke na je, raina a ɓace tun a hanya, don ba na son a kira ni a kan aikin da na riga na ce na gama. Na sa aka kashe wuta, na ƙara ɗaure notin a gurguje, na shafa kebul da bayan hannu. Ya yi zafi, ba ƙarya, amma na nuna masa rubutun da ke jiki.

"Karanta nan. Nawa ka gani?"

"Casa'in, Oga."

"To kafin ya kai casa'in ai hannunka ba zai iya zama a kansa ba. Don zafi aka yi shi. Kai dai ka kula da injunanka, ka bar mini wayata."

Ya ce, "Ba jikin kebul ɗin nake nufi ba, Oga. Daidai inda ya shiga bireka, nan ne ya fara sauya kala."

Na ce ƙura ce. Ban ko sunkuya na duba ba. Wannan rashin sunkuyawar shi ya fi ci mini rai har yau, don bai fi taku ɗaya ba tsakanina da wurin.

Azumi ya zo a tsakiyar zafin nan da kwalta ke narkewa. Duk wanda ya san Maiduguri ya san abin da ƙanƙara take a watan azumi. Tun hantsi masu kura da masu keke suke yin layi a ƙofar kamfanin, kowa da buhunsa. Hajiya ta ce injuna uku su yi ta aiki ba tsayawa, kuma daidai ta faɗa, don a kan uku aka yi lissafin. Sauran ma'aikata in rana ta take sai su nemi inuwa su kwanta. Obadiah da ba ya azumi shi yake tsayawa a ɗakin injuna. Da ya ga warin ya ƙi tafiya, ni kuma na riga na gwale shi, sai ya yi dabarar da ya iya: ya buɗe ƙofar fanel, ya kawo fanka ya saita ta a kai.

Ranar sha bakwai ga azumi, ana kiran azahar, bakin bireka ya yi bindiga. Wuta ta kama fanel, ta bi silin ta shiga ɗakin injuna. Obadiah ya ruga ya kashe wutar daga wajen taransifoma, ya dawo yana watsa yashi, har hannunsa na dama ya ƙone zuwa gwiwar hannu. Ba a rasa rai ba. Amma inji ɗaya ya tafi, rufin ya zube, kuma aka ƙarasa azumin nan kamfanin a rufe.

Da la'asar na iso. Mutane sun cika wurin, kowa da abin da yake faɗa, ruwan ƙanƙarar da ta narke yana gudu baƙi ƙirin ta ƙarƙashin ƙofa. Hajiya na tsaye, idanunta sun yi ja. Tana ganina ta ce, "Ba'a, gaya mini abin da ya jawo wannan. Maganarka kawai zan ji."

A lokacin ban san dalili ba, wallahi ban sani ba. Amma bakina ya riga tunanina. Na ce, "Irin wannan, in ba lodi ne ya yi yawa ba, to an taɓa fanel ne."

Wani daga cikin ma'aikata ya ce ai kwana goma ke nan fanel yana buɗe, Obadiah ya sa masa fanka. Shi ke nan, magana ta ƙare. Aka bar jaki aka koma dukan taiki. Obadiah yana asibiti ana wanke masa hannu aka yanke masa hukuncin kora, kuma kafin Sallah duk wanda ke da injin niƙa ko ɗakin sanyi a garin nan ya ji labarin mutumin da ya buɗe fanel ɗin Ba'ana ya ƙona wa Hajiya Aisa kamfani.

Ƙonanniyar birekar na ɗauko ta na kawo gida, don ina so in san abin da ya ci aikina. Bayan kwana biyu na zauna a zaure da hantsi, na goge gefenta da tsumma. Akwai wani ɗan rubutu da wuta ba ta kai gare shi ba, ƙanana ƙwarai, sai da na ari tabarau ɗin matata Siddiƙa. Abin da ya ce shi ne, wayar da za a ɗaura a bakin nan kada zafinta ya wuce digiri saba'in.

Na sake karantawa. Abin a fili yake, yaro ma zai gane. Robar kebul ɗina tana jure casa'in, gaskiya ne, amma kebul ba shi kaɗai yake zaune ba. Kansa yana ɗaure da bireka, kuma zafin jan ƙarfe ba ya tsayawa wuri ɗaya, kamar ludayin ƙarfe ne da aka bari cikin tukunya, sai mariƙin ma ya ɗauka. In kebul ya yarda da casa'in bireka ta ce saba'in, to da saba'in ake lissafi. Shekara talatin ina bin wannan ƙa'idar ban san da ita ba, saboda tsohon kebul da bireka bakinsu ɗaya. Ranar da aka ba ni zaɓi, ranar na faɗi. Na ba kebul ɗin nauyin da zai kai shi kusa da casa'in, damina da sanyi suka rufa mini asiri, bazara ta tona. Kullum da rana bakin birekar yana dahuwa, noti yana saki, zafi yana ƙaruwa. Fankar Obadiah ba ta jawo komai ba. In ma akwai abin da ta yi, jinkirta gobarar ta yi.

Siddiƙa ta fito ta same ni haka. Ta ce, "Malam, lafiya? Ko azumin ne?" Na ce azumin ne. Na kai birekar ɗakin shirgi na tura ta ƙarƙashin tsofaffin wayoyi.

Kada wani ya ɗauka ba ni da imani. Na yi niyyar faɗin gaskiya. Bayan Sallah na shirya na tafi Bulabulin takanas, ina ta jera maganar a raina cikin keke. Na sha tambaya kafin in sami gidan, can cikin wani lungu da kwata ta raba biyu. Dorothy na bakin ƙofa tana suyar ƙosai, abin da da ba ta yi. Ta ajiye matsami ta durƙusa ta gaishe ni, ta shimfiɗa mini tabarma. Obadiah ya fito da hannu a naɗe, ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo.

Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Oga, na kasa zuwa wurinka ne saboda kunya. Ka ce in bar maka wayarka, ban ji ba. Na ɓata maka aikin da ba a taɓa ɓata maka ba, na jawo wa Hajiya asara, ga iyalina na jefa su cikin wahala. Ba na iya barci. Don Allah ka yafe mini."

Ya faɗi haka idonsa na zubar da hawaye, matarsa na ji, maƙwabta biyu na leƙe. Ni kuma da na zo da gaskiya a bakina, sai na ji ta yi mini nauyi. Na tuna Mafoni, na tuna masu cewa a kira Ba'ana a yi barci, na tuna 'yan wayarin da na yi shekaru ina kushe aikinsu, yadda za su yi biki da ni. Na buɗe baki na ce, "Ba komai, Obadiah. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yafe maka."

Ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Har godiya ya yi mini. Dorothy ta ƙulla mini ƙosai a takarda, na karɓa, na fito ina jin ƙyamar kaina. A bakin titi na miƙa wa wani mai gadi ƙosan.

Wata bakwai Hajiya tana haɗa kan abin da za ta gyara wurin. Da ta shirya, wa za ta kira? Ni. Ta ce ai ba laifin aikina ba ne, kuma ba ta sauya mutumin kirki don wani ya yi ganganci. Na karɓi aikin. A wannan karon na karanta gefen sabuwar bireka kafin in buɗe littafi, na bi layin saba'in, na rage abin da zafin garinmu ke ci, lissafi ya tsaya a kan ɗari uku. Na rubuta mata a takarda, ta sa aka sayo ba ta tambaye ni komai ba.

Kebul mai kauri ɗari uku ba abin wasa ba ne, sai da ƙarti. Ranar da za a ja shi na ce wa direban Hajiya ya je inda leburori ke zaman jiran aiki ya ɗebo mini mutum takwas. Da motar ta tsaya suka diddiro, na bakwai Obadiah ne. Ashe tun da hannunsa ya warke ba wanda ya yarda ya ba shi inji, sai leburanci, yau a samu gobe a rasa. Da ya ga inda aka kawo shi ya yi turus, ya so ya juya. Hajiya ta gan shi ta kau da kai, ta ce a bar shi ya ja, ai jan kebul ba taɓa fanel ba ne.

Aka jera su a bakin rami, aka warware kebul daga kan gangarsa. Ina kallon Obadiah lokacin da ya sunkuya ya kama. Yatsunsa suka kasa zagaye shi. Ya sake gyara riƙo, ya tsaya, ya karkata kai yana duban rubutun jikin robar. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Hajiya ma ta lura da kaurin. Ta matso ta ce, "Ba'a, wannan ai ya kusa ninka na da. Me ya sa?"

Ga Hajiya, ga Obadiah taku uku daga inda nake, ga kebul a hannunsa. Allah ya sake ba ni dama a karo na biyu, a sarari, da rana tsaka. Na ce, "Don ko an sake samun mai ganganci, ya jure, Hajiya."

Ta gyaɗa kai ta ce Allah ya yi albarka. Obadiah bai ɗago ba. Aka ce a ja, ya ja tare da sauran, tabon ƙunar hannunsa yana sheƙi da gumi.

Da aka tashi, sauran suka tafi wanke hannu, ni ina durƙushe a gaban fanel ina fere bakin kebul. Na ji tsayuwar mutum a bayana.

"Oga, ɗari uku ne wannan?"

"Ɗari uku ne."

"Injunan fa, an ƙara wani?"

"Uku ne dai."

"Birekar irin waccan ce?"

"Irinta ce."

Na ci gaba da fere robar da na riga na gama ferewa, don na kasa juyowa.

Ya ce, "To ashe ba ni ba ne."

Ba da faɗa ya faɗe ta ba. Da ya zage ni, ko ya ɗaga wannan hannun ya mare ni, da na samu sauƙi. Na juyo na ce, "Obadiah."

Ya ce, "Tun yaushe ka sani, Oga? Kafin ka zo gidana, ko bayan nan?"

Na ce, "Kafin."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa rasuwar da ya riga ya zata. "Kullum in na je coci sai na durƙusa na roƙi gafarar wannan gobarar. Babban ɗana ya bar makaranta, ina ce masa laifina ne. Yau zan gaya wa Dorothy, ita dai za ta yarda."

Na ce, "Bari in yi wa Hajiya magana. Ka ba ni lokaci."

"Ga ta can a bakin mota, Oga. Ba ta tafi ba."

Na duba. Tana nan kuwa, tana magana da direba, ba nisa. Na duba ta, na duba wuƙar da ke hannuna, ban tashi daga durƙuson ba. Obadiah ya tsaya yana jira na, ya jira har ta shiga mota, har motar ta fita daga ƙofa. Sannan ya ɗauki hularsa ya kaɗe ta a gwiwa.

Ya ce, "Ni in na faɗa, wa zai yarda da ni a kan Ba'ana?"

Ya bi bayan sauran leburori. Ban sake ganinsa ba. Na ji an ce sun bar Bulabulin kafin damina, wasu suka ce Konduga suka koma yana noma a gonar wani, wasu suka ce ba a san inda suka yi ba. Ban bincika ba, don ina tsoron in same shi.

Kamfanin yana aiki. Bazara biyu ke nan, injuna uku ba tsayawa, bakin bireka ko ɗumin kirki ba ya yi. Hajiya tana aiko mini da ƙanƙara duk azumi, Siddiƙa ta fasa ta zuba a ruwan buɗa-baki, ni in ce haƙorina ba ya son sanyi. Watan jiya ta ɗauki sabon mai kula da injuna, ta kira ni in yi masa bayanin fanel. A gabana ta ja masa kunne, ta ba shi labarin wani Obadiah da ya yi taurin kai ya ƙona mata wuri, ta juyo ta ce, "Ko ba haka aka yi ba, Ba'a?"

Na ce haka aka yi.